Na Yi Ta Ce Wa Maigidana Sautin Ya Gyaru

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan mujalla in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina, amma a sakaya sunana. A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a N'Djamena, mai 'ya'ya har da waɗanda suka fara tasawa, ina haɗa turaren wuta da humra a cikin gida mata na zuwa saye. Duk unguwa an san ni da baki. Mace za ta kawo mini turaren da ta haɗa ta ce in shinshina, in gaya mata ƙauri yake yi, ko da za ta fita ba sallama. A kasuwar Dembé masu sayar da itacen ƙamshi in sun hango ni sai su fara gyara zama. Mutum ɗaya ne a duniya bakina ke mutuwa a gabansa, shi ne maigidana. Kuma ba tsoronsa nake ji ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Girmansa nake gani, har yau kuwa.

Maigidana dillalin shanu ne, sana'ar da ya gada. Amma abin da Allah ya ba shi wanda ya fi komai shi ne kunne. Zai tsaya a tsakiyar kasuwar dabbobi, ga kukan shanu ga hayaniyar mutane, ya ce wancan bijimin na can baya numfashinsa ba daidai ba ne, a duba shi. In aka duba a tarar haka ne. Fulanin da ke kawo masa shanu har tsokanarsa suke yi, wai shi da kunne yake ciniki, idonsa ado ne kawai. A gida ma daga takun ƙafa yake sanin wane yaro ne ya shigo. Ni kuwa ina alfahari da wannan abu kamar ni na ba shi.

Wannan kunne ne ya ja shi ga kayan sauti. Wasu mazan in sun samu sai mota, shi kuwa sai ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan bafle, wato lasifika, guda biyu na katako, masu tsayi kusan ƙirjina, da na'urar juya faifai, duk ya sa aka kawo masa daga waje ɗaya bayan ɗaya. Ya ware musu ɗaki guda. Ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya rataya labule har a bangon da ba taga, ya fitar da randata ƙirar ƙauyen Gaoui da nake ji da ita, wai tana amsa sauti. Na yi ta mita, ya yi ta ba ni haƙuri yana dariya. Amma ranar da ya zaunar da ni a kujerarsa ta tsakiya ya sa mini wani tsohon faifan goge, wallahi sai da na waiwaya ina neman mai gogen. Har jan numfashin mawaƙin na ji. Tun daga ranar na daina mita. Yana da wata al'ada: ba ya kunna na'urar da kansa. Sai ya zauna a kujerar nan, ya daidaita kansa tsakanin bafle biyun, sannan ya ce in danna, don sautin farko ya same shi a zaune. Ni ce mai dannawa, kuma ina son wannan aikin. Bayan la'asar abokansa biyu kan zo, wani tsohon malamin makaranta da wani ɗan kasuwa mutumin Nijar da ke kai da kawo tsakanin Damagaram da nan, su sha shayi su saurara, ba mai magana sai faifai ya ƙare.

Wata rana ya ce mini ɓangaren hagu ya dushe, kamar an lulluɓe bafle ɗin da bargo. Ya musanya bafle biyun, dushewar ta tsaya a hagu. Ya canza wayoyi, haka. Sai ya yanke cewa matsalar a cikin ampli take, kuma ya ɗora laifin a kan fizibil, ɗan kwalbar nan mai siririyar waya a ciki da 'yan Najeriya ke kira fiyus, wanda ke ƙonewa in wuta ta zo da ƙarfi don ya tsare na'ura. Kun san halin wutar garinmu, ta tafi ta dawo yadda ta ga dama. Ya ce duk wutar da ke shiga na'urar ta wannan ɗan abu take bi, in ya gaji dole sauti ya gaji. Ya fara da na kasuwar Dembé. Daga nan ya ji labarin akwai waɗanda ake yi musamman don masu irin kayansa, masu bakin zinariya, wasu na farar ƙasa maimakon kwalba, abokinsa na Nijar ya riƙa nemo masa ta hannun mutanensa. In kun ga yadda yake canza su sai ya burge ku. Zai zare waya daga bango, ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya duba lambar da ke jikin sabon ya gwada da ta tsohon, domin bai taɓa yarda ya sa wanda ya fi ƙarfin abin da aka rubuta ba, ya ce wannan ganganci ne da ke ƙona gida. Ya goge bakinsa da ƙyalle mai taushi, ya lura da ta inda ya fuskanta, sannan ya mayar da murfi ya je ya zauna.

Ni kuwa tun kafin a kai ga haka na fara ganin wasu abubuwa. In na yi masa magana ina gefensa na hagu sai na maimaita. A mota in yana tuƙi ina dama da shi, hira lafiya lau, amma in direba ne ke ja muka zauna a baya na faɗa hagunsa, sai ya yi ta cewa me na ce. Sannan ni ke wanke rigar matashinsa, ina ganin ɗan tabo rawaya a gefe guda, mai wari. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ruwan alwala ne ya shige masa, zai wuce. Ban sake tambaya ba. A raina na riga na haɗa ɗaya da ɗaya: bafle ɗin nan lafiyarsa ƙalau, domin ni da nake tsaye ina jin hagu da dama daidai wa daida.

Ranar da ya sa fizibil mai bakin zinariya na farko, na danna, ya rufe ido ya saurara, sannan ya buɗe ya dube ni ya tambaye ni ko na ji hagun ya buɗe. Da za ku ga fuskarsa a lokacin. Mutumin da ke sa manyan dillalai su yi shiru, ga shi yana kallona kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ni da nake gaya wa mata turarensu ƙauri yake, sai na ji bakina ya ce ƙwarai kuwa, ya gyaru. Ya yi murmushi har da tafa hannu, ya ce ai ya faɗa. Na gaya wa kaina cewa sau ɗaya ne, don kada in ɓata masa rai a ranar. Bayan ɗan lokaci ya ce dushewar ta dawo, a nemo wani iri. Aka nemo, na danna, ya tambaya, na ce ya gyaru. Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo. Ta yaya zan kalli mutumin da duk garin ke yabon kunnensa in ce masa kunnen ne ya fara tafiya? Abin da nake tambayar kaina ke nan, kuma kullum amsar da ta fi mini sauƙi nake ɗauka.

Ba ni kaɗai ba ce. Abokansa ma in ya tambaye su sai su gyaɗa kai, malamin har ya ƙara da cewa kalangun ya fito fili yanzu. Wata rana na kai musu shayi, mutumin Nijar ɗin ya biyo ni bakin ƙofa ya rage murya, ya kira ni uwargida, ya ce shi fa yana ganin ba na'urar ba ce, ko zan lallaɓa in yi wa Alhaji maganar likita. Na ce masa ai su ne abokansa, maza, daga bakinsu zai fi ɗauka. Ya ce a'a, irin wannan magana ta cikin gida ce, shi ba zai iya kunyata shi ba. Muka rabu a haka, kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Da ya tashi dawowa daga tafiyarsa ta gaba, sai ga shi da wani sabon fizibil a aljihu. Mu a ganinmu kara muke yi masa.

Abin ya fashe ne ranar da aka sa mini lalle saboda bikin 'yar yayata a unguwar Walia. Da hantsi ne, ina zaune a tsakar gida hannuwana da ƙafafuna duk a ɗaure, ya kira ni in zo in danna, ya canza wani sabo. Na ce ya yi haƙuri, yau kam ba hannu. Sai ya danna da kansa, yana tsaye a wajen na'urar tsakanin bafle biyun, fuskarsa na kallon kujerar da ya saba zama. Ina hango shi ta ƙofa. Kiɗa ya tashi, ya yi tsai. Da yake ya juya, bafle ɗin da yake zargi yanzu yana damansa, kuma shi ne ke fita tas, wanda ya dushe kuwa shi ne lafiyayyen. Na ga ya juya a hankali ya ba kujerar baya, ya saurara, ya sake juyowa. Sannan ya ɗaga yatsa ya toshe kunnen dama, ya tsaya haka. Ya kashe na'urar ya fito ya tsuguna a gabana.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni cikin sanyin murya tun yaushe na sani. Na so in ce ban sani ba, amma ƙaryar ta ƙare mini. Na ce tun kafin fizibil na farko. Na fashe da kuka, ga hannu a ɗaure ko hawaye ba na iya sharewa. Shi da kansa ya sa bakin rigarsa ya share mini. Ya ce ya san don ina ganin girmansa na yi, kuma laifin farko nasa ne, da ya zargi waya da katako da kwalba bai taɓa zargin kansa ba. Abu ɗaya kawai ya ce wanda har yau yake sukata: shi da yake tambayata ba yabo yake nema ba, kunnena yake aro, don ya yarda da shi.

Likitan kunne da muka gani ya ce wani ciwo ne da ke zaune a can ciki yana cin ƙananan ƙasusuwan ji a hankali, shi ne ke fitar da ruwan nan. Ya tambaye mu tun yaushe aka fara ganin ruwan, ni na amsa. Likitan ya dube ni kawai ya ci gaba da rubutu. Daga baya ya ce da an zo da wuri da akwai abin da za a ceto, yanzu kam aikin da za a yi na hana ciwon wucewa gaba ne. Aka yi aikin, Allah ya sa aka dace, ciwon ya tsaya. Kunnen hagu kuwa ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne yadda ya ɗauki abin. Da abokansa suka zo duba shi suna ta sunkuyar da kai, shi ya fara tsokanarsu, ya ce wa malamin ya ba shi labarin kalangun nan da ya fito fili. Suka yi dariyar da ta fi kama da kuka. Bai sayar da kayansa ba, bai daina sauraro ba, ya dai karkata kujerarsa. A kasuwa ya gaya wa abokan cinikinsa da bakinsa cewa su riƙa tsaya masa ta dama. Game da fizibil kuwa, har yau yana cewa masu kyau suna da ɗan bambanci, ni ban sani ba, ban taɓa ji ba, kuma yanzu in ya tambaye ni haka nake ce masa.

'Yan'uwana mata, da ku abokan zama, abin da na koya shi ne akwai karar da cuta ce. In wanda kuke ganin girmansa ya tambaye ku ko kun ji abin da ya ji, ko kun ga abin da ya gani, ku gaya masa gaskiya da ladabi, ku ja shi asibiti ko yana fushi. Fushin zai wuce cikin kwanaki. In kuka ga ruwa na fita daga kunnen wani naku, kada ku jira ya wuce da kansa. Ni na zaɓi murmushinsa na yamma ɗaya, na yi ta zaɓarsa, shi kuma ya biya da abin da ya fi so a jikinsa. Ya yafe mini tun a ranar, ni ce na kasa yafe wa kaina. 'Yarmu ta fari tana aure a wani gari yanzu, takan kira shi a waya. Har yau in wayar ta yi ƙara hannunsa kan kai ta kunnen hagu, ya yi sallama, ya jira, sannan ya tuna ya mayar da ita dama. Duk ranar da na ga haka sai na tashi na bar ɗakin.