Hoton Attahiru na ƙarshe

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Attahiru, Allah ya jiƙansa. Mai gyaran waya ne a Runjin Sambo, amma mutanen Sakkwato ba da gyara suka san shi ba. Sun san shi da shafin barkwancin da ya buɗe a intanet, wanda kowa ke kira Rumfar Atta. Zai ɗauki hoton akuya a kan babur, ko na tsoho yana hararar farashin gero, ya rubuta magana ɗaya a ƙasa da Sakkwatanci tsantsa, sai gari ya kwashe da dariya. Ni kaina ban tsira ba. Ya taɓa sa hoton tuwona ya ce a kai shi Ƙofar Dundaye a toshe rami.

Mai dariya ba ya tambayar wa ya sayi data. Atta ne ke saye, daga abin da ya samu a gyara. Da shafin ya yi jama'a sai tela, da mai kilishi, da wata mai turaren wuta suka riƙa ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya cusa tallarsu cikin raha har mutum ya karanta bai san talla ba ce. Masu caca sun zo da kuɗi masu kauri, ya sallame su. Haka shafin ya rayu, da kyar, kamar fitilar da ake ɗiga wa mai.

Bayan rasuwarsa abokinsa Murtala ya riƙe shafin, tare da wasu biyu. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ban taɓa zarginsu ba. Sai dai zamani ya juya. Masu talla sun koma wajen masu bidiyo, jama'a ma sun bi su. Mako ɗaya tak shafin ke cika a shekara, makon tunawa da Atta. Ranar da aka sa hotonsa, mutanen da suka daɗe da watsewa sai su dawo, wannan ya yi addu'a, wancan ya tuno wata tsiya da ya yi masa. Masu talla sun lura da haka, suna kama wuri tun kafin lokacin. Abin da aka samu a makon nan shi ke riƙe shafin har wata shekara.

Nakan tambayi kaina me Atta zai ce da ya ga wannan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman abin da zai sa mutane dariya, yau mutuwarsa ce ke ciyar da rumfarsa. Na san zai fara da tsokana, ya ce ashe gawarsa ta fi shi kasuwa. Abin da zai ce bayan ya gama dariyar ne ban sani ba, kuma shi ne ke ci mini rai.

Kowace shekara Murtala kan zo wurina neman hoton da ba a taɓa gani ba, don tsohon hoto ba ya tara mutane. Na ba da na makaranta, na ba da na ranar aurena, na ba da wanda yake barci da buredi a hannu. Bana da ya zo, na ce masa sun ƙare.

Ya gyara zama. Sannan ya ce, “Yaya, an ce mini akwai wanda kinka ɗauka asibiti. Wallahi ba don kaina nika roƙo ba. In babu sabo, masu talla ba su zuwa, mu ko ba mu iya riƙe shi.”

Akwai shi. Ana gab da ƙarshe Atta ya ce in ɗauke shi ya ga yadda ya koma, don babu madubi a ɗakin. Ya kalli hoton, ya ce, “Wanga mutum ko ni ba ni iya yi mishi tsiya. Aje shi ke kaɗai, Yaya. Kada kowa ya gan ni haka.”

Na san hoton nan zai tara jama'ar da shafin bai taɓa gani ba. Rama da ciwo sun fi akuya a kan babur jan ido. Na ce wa Murtala a'a. Bai yi musu ba, ya share ido da hannun riga, ya ce za su lallaɓa zuwa ƙarshen damina, daga nan sai abin da Allah ya yi.

To me ya rage na Atta? Akwai maganganunsa da suka shiga bakin mutane, ana faɗa a kasuwa ba a san mai su ba. Akwai amanar da ya bar mini, na riƙe, duk da na san abin da riƙon zai kashe. Zuciyata ba ta huta ba. Innarmu ba ta karatu, amma duk Juma'a bayan la'asar takan sa a buɗe mata shafin a karanta mata, sabo da tsoho, ta yi dariya har ta yi tari. Takan ce muddin rumfar na buɗe, yaronta bai gama magana ba.

Damina ta kusa ƙarewa. Har yau ban sami bakin da zan gaya mata cewa ɗanta zai sake yin shiru ba, kuma wannan karon da hannuna.