I'itikafin Malamin Gona

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga i'itikafi don in ɓuya wa manoma ba. Lokacin ina malamin gona a yankin Bunkure. Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne zagaya gonakin rani na bakin kanal, wato magudanar ruwan ban-ruwa, mu duba amfani, mu ba da shawara kan taki da feshi, mu kai rahoto ofis. A ƙa'ida ke nan. A zahiri kuwa, in ruwa ya yanke kai ne, in tsutsa ta faɗa wa tumatur kai ne, akuyar wani ta ci albasar wani ma kai ne alƙali.

Azumin wannan shekarar abubuwa suka yi mini yawa. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, ƙanne suka dawo wuyana, aka kuma haɗa mini yankin wani abokin aiki da ya yi ritaya. Har na fara tambayar kaina, wai ni me nake tsinanawa a duniya? Na samu shugabanmu na nemi hutuna a goman ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Kai Sabi'u? Kai da ko tarawihi sai ka nemi liman mai gajerun surori?" Amma ya amince. A raina na ƙudura bayan salla zan ajiye aikin.

Na kashe waya, na shimfiɗa tabarma bayan ginshiƙi a masallacin Juma'a. Ban daɗe da fara jin daɗin shirun ba, ran nan muna sallame la'asar na waiga dama, sai ga Baba Ɗanlami, wani dattijo manomin shinkafa. Ya ce, "Malam, Allah ya karɓi ibada." Ya cire hula, ya zaro ganyen shinkafa da ya yi ɗorawa. "Ni ba magana na zo yi ba. Ganyen ne kawai ya so gaishe ka."

Washegari sahuna ya cika da manoma. Wani ya zo da tumatur a aljihu, ya fashe masa a sujada. Wani ya zauna gefena ya ɗaga hannu, ya ɗaga murya: "Ya Allah, ka sanar da ni maganin tsutsar nan, ko da ta bakin wani bawanka ne da ke kusa!"

Na kai ƙara wurin liman, Malam Hadi. Ya saurare ni har na gama, da zancen rasuwa, da gajiya, da niyyar barin aiki. Ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya ce, "Me kake roƙo tunda ka shigo?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, roƙona Allah ya nuna mini amfanina a duniya."

"To, an turo maka amsa har cikin sahu, kai kuma kana so in kore ta?"

Ya kira manoman ya yanke hukunci: bayan azahar kaɗai za su gan ni, a taƙaice, sauran lokaci su bar ni da Ubangijina. Suna watsewa ya ɗaga gefen buzunsa, ya zaro ganyen albasa duk ya ƙone a baki. "Tunda an daidaita, fara da wannan."

Shinkafar Baba Ɗanlami taki take so, aka ba ta, ta farfaɗo. Ni ma na fito da zuciya wasai, na koma bakin aiki, ban sake zancen barinsa ba.

Ku da kuke shigowa aikin malamin gona yanzu, in kun gaji ku huta, hutu ba laifi ba ne. Amma manomin da ke bin ka duk inda ka shiga, ba jaraba ce ta kawo shi ba, abincin iyalinsa ne ke neman lalacewa. Ka gyara niyya ka saurare shi, a nan ma lada ake rubutawa.