Mukullin Ɗakin Saƙa

Ni ce mai karanta wa Kawu wasiƙa tun ina 'yar sakandare, har yau da na haifi uku. Don haka wannan ma ni ta faɗo wa. Na farke ambulan ɗin a tsaye, ko gyale ban cire ba, na karanta layi biyu, sai harshena ya ƙi gaba.

"Uwata, kin haɗiye sauran ne?" in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Wasiƙar daga sabuwar hukumar koya wa nakasassu sana'a take. Cewa ta yi bincike ya nuna akwai wani ɗalibi da ya shekara ashirin da shida yana koyon saƙar kujera bai iya ba, saboda haka ya zo ranar Alhamis a gwada shi. Na sake duba sunan, na duba lambar. Kawu ne ɗalibin. Na zauna a bakin gado baki sake, don mutumin da ake magana a kansa shi ne malamin ajin.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Yana da shekara ashirin da huɗu batirin mota ya fashe masa a fuska a garejin da yake aiki, idanun biyu suka tafi. Shekara guda ya yi a ɗaki ba ya son jin ko sallama. Mahaifiyata ce ta ja shi kamar da faɗa ta kai shi cibiyar gwamnati, inda ake koya wa makafi da masu rauni a jiki saƙa kujerun ƙarfe da zaren roba. Cikin wata takwas ya wuce malaminsa. Da malamin ya yi ritaya, shugaban cibiyar ya danƙa wa Kawu mukullin ɗakin saƙa ya ce, "Riƙe mana ajin kafin a turo wani." Ba a turo kowa ba. Mukullin nan yana rataye a wuyansa da zaren roba shuɗi tun ranar.

Na san ɗakin kamar tafin hannuna. Dogo ne, rufin kwano, tagoginsa uku, ƙofarsa ta sauka sai an ɗaga ta kafin ta buɗe. Zaren yana rataye a ƙusoshi jikin bango, kowane launi da alamarsa a bakin zaren: ja ƙulli ɗaya, shuɗi ƙulli biyu, fari ba ƙulli. Kawu ba ya koyarwa da dogon bayani. Hannunsa yake ɗorawa a kan hannun mutum su ja zaren tare, har hannun ya gane da kansa. In an gama kujera sai ya kaɗa zaren da ɗan yatsa ya saurara, daga nan zai ce maka layi na nawa ya yi sanyi. Kuma yana da magana ɗaya da duk wanda ya taɓa zama ajin ya haddace: "Kujerar da aka tsallake wa zare ɗaya, wata rana uban wani za ta kayar."

Ni duk zatona ma'aikacin gwamnati ne. Sai a ranar ya gaya mini yadda abin yake, yana ta murza mukullin. Ba a ɗaukar malami sai mai takardar kwaleji, shi kuwa ba shi da ita. Shi ne tsohon shugaban ya bar sunansa a rajistar ɗalibai, don ya riƙa samun motar cibiya da ɗan abin da ake ba ɗalibai. Duk ƙarshen shekara sai a rubuta a gaban sunansa, "Bai kammala ba." Shugabanni huɗu suka zo suka wuce, kowa ya gaji wannan layin ya sa hannu da kyakkyawar niyya. Kowa ya sani, ba wanda ya rubuta gaskiyar ko a bayan takarda.

Bana aka yi garambawul. Aka cire cibiyar daga ma'aikatar jin daɗin jama'a, aka haɗe ta da ta kurame da ta waɗanda suka ji rauni a wurin aiki, aka miƙa su duka ga sabuwar hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago. Tsofaffin ma'aikatan aka watsa su ofis-ofis. Takardu kuma aka zuba su a kwamfuta, ita kuwa ba ta taɓa shan shayi da Kawu ba.

Washegari na riƙo hannunsa muka tafi sabon ofishin. Jami'ar da muka samu matashiya ce mai ladabi, har da tashi ta ba shi kujera. Wannan ya ƙara ƙona mini rai, don na zo da shirin faɗa ban sami inda zan kama ba.

"Baiwar Allah," na ce, "mutumin nan ya yaye sama da mutum ɗari biyu. Wa kuke zaton ya koya musu?"

Ta duba kwamfutar, ta daɗe tana dubawa. "Hajiya, a nan ajin saƙa ba shi da malami tun shekara ashirin da shida."

"To aljanu ne suke koyarwa?"

"Uwata," in ji Kawu a hankali. Na ja bakina.

Ta yi mana bayanin sabuwar doka, tana yi tana kallon tebur. In ya ci gwajin za a ba shi takardar shaida ya bar cibiyar, a ba wani gurbinsa. In ya faɗi, an yarda ya maimaita shekara ɗaya ta ƙarshe. Malami kuwa sai an tallata gurbin, an yi tantancewa, kuma ba ta san yaushe ba. Ta ce za ta rubuta wa na sama, amma kada mu sa rai kafin Alhamis.

A hanya na ce, "Wai gyara suka zo yi. Garin neman gira za a rasa ido."

"Ni dai ba ni da wanda zan rasa," in ji shi, ya yi 'yar dariya. Can kuma ya ce, "Mutum goma sha ɗaya ne a ajin. Watansu uku da farawa. Ko kusurwa ba su iya juyawa ba."

Ranar Laraba bayan la'asar muka ji ƙarar sanda a ƙofar gida. Dogo ne, wani tsohon ɗalibin Kawu mai ƙafa ɗaya, wanda ya ci gaba da karatu har sabuwar hukumar ta ɗauke shi aiki. Ya durƙusa ya gaishe shi da ƙyar, ya kasa ɗaga kai. Shi aka sa ya gwada Kawu washegari.

"Malam, wallahi da na ga sunanka sai da na fita waje na zauna," in ji Dogo. "Hanya ɗaya ce. Akwai mai sa ido da zai zo daga ma'aikata, ba zan iya rubuta ƙarya a gabansa ba. Amma in ka tsallake zare ko ɗaya ne, zan nuna masa, in rubuta ka faɗi. Shekara gudan da za a ƙara maka ta isa ɗalibanka su gama."

Kawu ya murza mukullin wuyansa. Sannan ya ce, "Zare ɗaya ai ba wuya."

Ranar Alhamis na rufe shagona na bi shi. Shi ya buɗe ɗakin da mukullinsa, kamar kullum, sannan aka nuna masa benci a cikin ɗalibansa ya zauna. Ranar ba wanda ya ɗauki zare a cikinsu. Mai sa idon ya zauna da fayil a cinya, Dogo yana tsaye jingine da sandarsa yana ta sharce gumi.

Kawu ya shafa ƙarfen kujerar, ya laluba bakin zare ya ji ƙulli biyu, ya fara. Hannun nan yana tafiya kamar ba nasa ba. A layi na tara na ga ya ɗan tsaya, ya tsallake zare ɗaya, ya wuce. Dogo ya sauke ajiyar zuciya, ni ma haka. Ya yi layi na goma, na sha ɗaya, na sha biyu. Sai na lura babban yatsansa yana komawa baya, yana shafa wurin, kamar harshe a gurbin haƙori. Ya janye shi, yatsan ya sake komawa.

A gefensa akwai wani dattijo, tsohon direban tanka da ciwon suga ya cinye wa ido. Ya miƙo hannu kamar yadda suka saba, ya ce, "Malam, bari in ji yadda ka juya wannan." Yatsunsa suka bi layin a hankali, suka zo na tara, suka tsaya. "Au, ashe a nan ana tsallakewa ne?"

Na ga fuskar Kawu ta canza, irin canjin da ban taɓa gani ba ko ranar da muka binne mahaifiyata.

"Ba a tsallakewa," in ji shi. "Kuskure ne. Kawo hannunka ka ji yadda ake gyarawa."

Ya ɗora hannunsa a kan na dattijon, suka warware layi huɗu tare, suka mayar da zaren mazauninsa. Na so in yi ihu, na so in fizge kujerar. Da ya ɗaure ƙullin ƙarshe ya kaɗa zaren da yatsa, ko'ina amo ɗaya. Mai sa idon ya tashi ya zauna a kai, ya girgiza, ya ce bai taɓa ganin aikin ɗalibi mai kyau haka ba, da ƙoƙari an yi nasara ko bayan shekara nawa ne.

Dogo ya riƙe biro ya kasa rubutu.

"Rubuta abin da ka gani," in ji Kawu.

Kafin azahar aka buga takardar. Ya ce in karanta masa, na karanta: ya kammala koyon saƙar kujera, da sakamako mafi kyau. Ya naɗe ta ya sa a aljihu. Ya bi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya yana riƙe hannuwansu, yana gaya wa kowa inda zai kula.

A bakin ƙofa mai gadi yana tsaye. Shi kaɗai garambawul bai taɓa ba, tare suka tsufa da Kawu a cibiyar, kuma shi aka umarta ya karɓi mukullin. Ya ɓoye hannuwansa a baya kamar wanda za a ba garwashi. Kawu ya cire zaren daga wuyansa, ya laluba har ya kamo hannun, ya buɗe tafin ya sa masa.

"Ka gaya wa wanda za a turo," in ji shi, "sai ya ɗan ɗaga ƙofar kafin ta buɗe. Kuma shuɗi ƙulli biyu ne, kada ya kwance musu."