Mashin ɗin da na rage wa gudu

Shekarun baya, lokacin ina gyaran waya a Ƙanƙara ina kuma koyon haɗa manhaja a wata tsohuwar kwamfuta da sai an yi mata fifita take kunnuwa, taubashina ya makance. Ɗan yayan mahaifiyata ne, ɗan acaɓa a Sabuwa. Ya daɗe yana zarya tsakanin Sabuwa da Faskari, har ramukan hanyar in ya wuce sai sun gaishe shi. Ciwon ido ya fara mishi kamar wasa, kafin a ankara duhu ya rufe.

Ni da shi ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. Da ya hango ni sai ya ce, "Ɗan mace, bawana, zo ka goge min mashin." Ni kuma in ce kansa ya fi tankin mai girma. Amma da na je dubiya, sai na ji bakina yana ta zuba ladabi kamar mai neman aure. Kowa ma haka ya koma yi mishi. Shi kuwa ya shige ɗaki, ya daina zuwa majalisar 'yan acaɓa, wata da watanni.

Mahaifiyata ta tare ni ta ce, "Yaron nan ba makanta za ta kashe shi ba, zaman ɗaka ne. Kai da surutunka ya fi na gidan rediyo, ka rasa abin da za ka yi mishi?"

Shi ne na zauna na haɗa wasan tuƙin mashin a waya, wanda ba a kallo sai ji. Fuskar wayar baƙi ƙirin, mai ido da makaho duk ɗaya. Ka sa abin sauraro a kunnuwa biyu. In ka ji ruwan rami na motsi a kunnen hagu, ka karkata wayar dama. In akuya ta yi kuka a dama, ka kauce hagu. Sautukan da kaina na ɗauko. Ranar kasuwa na bi wata akuya da waya tun daga 'yan hatsi har tasha, mai ita na bina yana cewa, "Malam, saye za ka yi ko hira?"

To ga inda na yi wauta. Na ɓoye wani maɓalli a kusurwa, in na danne shi mashin ya rage gudu, ramuka su ragu. Don shi na yi. A raina ai tausayi ne, har ina jin kaina wani waliyyi.

Da ƙyar da siɗin goshi kawuna ya fito da shi majalisa. 'Yan acaɓa suka yi ta gwadawa suna afkawa rami, ana ta shewa. Da aka zo kansa na danne maɓallin a ɓoye na miƙa mishi. Ya tuƙa tiryan-tiryan har ƙarshe. Aka hau tafi, ana "Masha Allah, ya yi ƙoƙari."

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ɗan mace, ba wani ya sake yi, ka sa min kunne ɗaya."

Abokinsa ya karɓa. Ko minti ba a yi ba taubashin nawa ya cire abin daga kunne ya ce:

"Nashi a giya ta huɗu yake kuka. Nawa a ta biyu ka bar min shi, kamar mai ɗauke da mai jego."

Na ce ƙila matsalar waya ce.

Ya ce, "Ni za ka koya wa kukan inji? Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ku miƙo min sandata."

Wallahi zufar da ta karyo min za ta cika bokiti. Na san in ya koma ɗakin nan, ko da kurar shanu ba mai sake fito da shi. Haƙuri kuma shi ne abin da ya gaji da ji. Sai kawai na ce, "To sarkin tuƙi! Da idonka biyu ma ba kai ka juye mai nono da ƙwaryarta a rami ba, har aka kwana uku hanyar Faskari na tsami? Zauna in ba ka na gaske, in ga tsiya."

Wani dattijo har ya fara "Haba, haba." Shi kuwa ya daɗe a tsaye, sannan ya laluba benci ya zauna.

"Kawo."

Rami na uku ya afka, tsulum! Na kwashe da dariya har ina dukan cinya. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har da hawaye. "Bawan banza. Sake sa min." Kafin la'asar ya cinye kowa a wurin, ni ma har da ni, ya kuma lissafo min gyara bakwai. Wai hon ɗin tirela na zuwa a makare, wai akuyata ba ta da tarbiyya.

Ranar na goge maɓallin. Tun daga nan duk wasan da na haɗa, shi ke fara gwadawa, kuma bai taɓa cewa ya yi kyau ba. Na gane cewa rage wa mutum hanya ba tare da ya roƙa ba, raini ne da ya sha kwalliya. Abin da yake so a ba shi fili ɗaya da kowa, ya ci ko a ci shi.

Kwanaki ya kira ni daga majalisa, ana ta hayaniya a bayansa, muryarsa kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ce, "Ɗan mace, wani direba daga Faskari ya yi min warwas yau, sau uku a jere! Gobe zan rama."