Mai Kankarar Tsatsa

A tashar motar Ƙaura na yi zaman ƙasaita kan bencin ƙarfe, farar shaddata ta kwashi tsatsa. Kusa da ni ga wani zanƙalelen mutum, hannun rigarsa duk alli, bakinsa jawur da goro. Yana tofa yawu kan ƙarfen, yana kankarar tsatsar da farce, yana tarawa a leda. Har da sansanawa! Da gani malamin kimiyya ne, da alama makarantarsa ba kayan gwaji, ga jarrabawa ta matso.

Na ce, "Haba Malam, ƙazantar ta isa haka!"

Ko kallona bai yi ba. "Ƙarfe ya bayar, iska ta karɓa, shi ne tsatsa. Aji guda ke jiran ƙazantar nan gobe, Alhaji. Kai wa ke jiranka? Gusa can."