Abin da Gajere Ya Sayar

Sunansa na yanka Abdulƙadiri, amma duk Wurno Gajere magini aka sani. Gini ya gada wurin mahaifinsa. In ya dafa katanga da tafin hannu, sai ya gaya maka damina nawa ta rage mata. Mutum ne marar son magana mai tsawo, bai kuma taɓa taka zauren alƙali ba sai shekarar da sojojin da suka je yaƙin Bama suka dawo gida. Lokacin ya haura sittin, gwiwoyinsa sun soma ƙin tsani.

A shekarar ne ɗansa Attahiru, mai noman albasa a fadamar Goronyo, ya aiko masa ya taho ya huta. Matar Gajere ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Ana haka sai ga Sajo, wani Bafillace daga Boyekai, yana neman gida cikin Wurno saboda tsohuwarsa Baraka, wadda ta gaji da bin shanu, take son ta ƙare kwananta kusa da hubbare, kabarin waliyyin garin. Suka zauna gindin tsamiyar ƙofar gida, suka daidaita a kan saniya mai ciki, gaban shaidu biyu. Aka shafa fatiha. Gajere ya ɗaure saniya, ya koma zaure da tabarmarsa kafin ranar tafiya, Sajo ya kawo tsohuwa ta tare.

Bayan kwana uku mai unguwa Zayyanu ya aiko kiransa.

"Gajere, an ce ka saida gida."

"Na saida, ranka shi daɗe."

"Da ƙasa ko ba ƙasa?"

Gajere ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Mai unguwa bai yi ba.

"Ba a saida ƙasa," in ji shi. "Ƙasa ta sarki ta. Gini kaɗai aka saidawa, shi ma sai da sanina, balle ga baƙo."

"To ginin bisa mi za shi tsayawa?"

"Wannan kuma ka tambayi alƙali."

Alƙali ya saurare shi da kyau, sa'an nan ya tambayi wanda ya bar masa gidan. Gajere ya ce mahaifinsa. Ku nawa ya bari? Su biyu, shi da ƙanwarsa Hassana, wadda ke aure a Tursa shekara talatin da wani abu.

"An raba gado?"

"Allah shi gafarta malam, mi za a rabawa? Ɗaki biyu da zaure yab bari. Sauran duk ni nig gina."

Alƙali ya ce ciniki ya inganta a kan rabonsa, amma kashi ɗaya cikin uku na abin da uba ya bari na Hassana ne, ba mai sayar da shi sai ita. Kuma tana da haƙƙin shufa'a: in ta ga dama, sai ta ba Sajo kwatankwacin abin da ya bayar ta karɓe gidan.

"Wane gida cikinsu? Na baba ko nawa?"

Alƙali ya buɗe littafi, ya daɗe yana dubawa, ya ce a aika Tursa tukuna.

Kafin ɗan aike ya dawo, saniya ta haihu. Sajo ya zo ya tsaya yana kallon maraƙi, ya ce, "Baba, in ciniki ya warware, wanga na wa na?" Washegari kuma maƙwabcinsa Abu ya leƙo, bayan doguwar gaisuwa ya tuna masa cewa tsamiyar nan kakansa ne ya dasa ta, kada Bafillace ya zaci har da ita ya saya. Gajere ya zauna cikin zaure yana lissafi da yatsu: ƙasa ta sarki, tsamiya ta Abu, ɗakuna biyu da zaure akwai Hassana ciki. Rijiyar da ya haƙa da hannunsa kuwa, bai san ko gini ce ko ƙasa ba. Abinci ya daina shiga masa. Mutumin da bai taɓa cin na wani ba, ga shi yana shan nonon saniyar da bai tabbata tasa ce ba.

Cikin wannan hali aka ce Di'o, Baturen mulki, zai zo rangadi, aka kira Gajere ya gyara rufin bariki. Ran da Baturen ya sauka ya yaba aikin, ya sa tafinta ya tambaye shi ko yana da wata bukata. Gajere ya durƙusa ya kwashe labari duka.

Bature ya yi magana, tafinta ya juya: "Ya ce ƙasa duk tana hannun Gwamna, shina riƙe da ita amana don mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Ku."

"In tamu ta, don mi ba mu saidawa?"

"Ya ce don kada ku saida."

Gajere ya ce, "Hwaɗa mishi, katangar gidan nan ƙasa ta. Bayan gida nih haƙe ta, nik kwaɓa, niy yi tubali. Tana kwance ta Gwamna ta. Da nit tashe ta tsaye ta zan tawa? In damina ta zubda ita, ta koma tashi?"

Tafinta ya so ya ƙi juyawa, Bature ya matsa. Da ya ji, ya cire lofen tabarsa daga baki, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya ce zai tambaya a Sakkwato. Bai sake zuwa Wurno ba, an ce an mai da shi wata ƙasa.

Hassana ta iso ranar wata Talata bisa jaki. Ba ta ko dubi ɗan'uwanta ba, ta wuce ɗakin mahaifiyarsu. Can ta tarar da Baraka tana kaɗa auduga. Suka yi wuni guda ciki, ana jin su suna hira har da dariya. Da la'asar ta fito zaure.

"Yaya, Tursa nisa gare ta? Ka saida ɗakin Inna, sai ga bakin ɗan aiken alƙali zan ji?"

"Na yi kuskure, Hassana. Ban san kina da rabo ba."

"Ni ma ban sani ba. Ba rabo nika magana ba."

Gaban alƙali ta ce ba ta son gida. Abin da take so, kada a rushe ɗakin, kuma duk ran da ta zo ziyara nan za ta sauka. Alƙali ya tambaye ta: kyauta ke nan ta yi wa Sajo, ko aro, ko sayarwa? Ta ce malam ya zaɓi wanda ya fi sauƙin rubutu. Sajo ya yarda. Aka ba ta maraƙi, aka bar wa Abu 'ya'yan tsamiya, inuwa kuwa ta kowa. Mai unguwa ya kai Sajo ya gai da hakimi. Aka rubuta takarda da ajami, Gajere ya dangwala yatsa. Da aka karanta masa ya ji an ce ya sayar da "abin da ya mallaka a gidan".

"Allah shi gafarta malam, shi na nika tambaya. Mi na shi?"

"Tashi, Gajere," in ji alƙali. "An gama."

Gajere ya kora saniyarsa zuwa Goronyo. Dagaci ya nuna masa fili kusa da na Attahiru, ya gina ɗaki guda, bai ƙara ba. Shekara bakwai ya yi can. Kowace bazara, kafin ruwan fari, sai ya hau jaki ya nufi Wurno ya yi wa gidan yaɓe, ya gyara indararo, ba ya karɓar komai sai ƙwaryar fura. Sajo ya sha ce masa ya bari, akwai magina a gari. Gajere ya ce su ba su san inda katangar gabas ke shan ruwa ba.

A bazara ta takwas ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ya sa Attahiru ya kai wa Sajo azara huɗu, ya ce a sauya na ɗakin tsohuwa, gara ta shige su. Ya rasu cikin watan azumi, aka rufe shi a Goronyo.