Sanyin Jos da jikata Hafsatu

Assalamu alaikum. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun yi ta aiko da saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri. A lokacin kwance nake a asibiti, kuma ni da ban koyi rubutu ba sai da furfura, a ajin yamma, ba na iya rubutu hannu na rawa.

Mu uku ne muka rage daga wancan aji a Zandam: ni, da Malam Sale, da Alhaji Buba. Duk shekara in an gama girbi mukan fita yawon buɗe ido na ƙarshen mako. Bana ɗana Nasiru ya nuna mana bidiyon Turawa suna sulu a kan ƙanƙara daga saman dutse. Malam Sale ya ce, "Mu ma muna da tamu Turai ai. Jos za mu."

Muka shirya tafiya mai sauƙin kuɗi. Maimakon motar haya, muka hau bayan babbar mota mai kai wake, muka zauna a kan buhuna. Guzuri kuwa ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Masauki ma muka ce barandar masallacin tasha ta ishe mu.

Da Nasiru ya miƙo mini bargo, dariya na yi. Mu da muke shiga fadama da asuba a tsakiyar hunturu, wane sanyi za a nuna mana? Mayafi ɗaya kowa ya ɗauka.

Sanyin Jos ba irin namu ba ne. Har cikin ƙashi yake shiga.

Mun ga duwatsu, mun sha shayi, mun yi dariya. Amma a hanyar dawowa na fara tari. Da muka iso gida sai zazzaɓi, sai wani suka a haƙarƙarina duk lokacin da na ja numfashi. Na sha maganin kemis, ban ji sauƙi ba. Ranar da na ga jini a kakina, Nasiru ya ce, "Baba, ba shawara nake nema ba. Tashi."

A Birnin Kudu aka kwantar da ni. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini, aka karɓi kaki a ƙaramar roba, aka sa mini robar iska a hanci. Likita ya ce, "Baba, huhunka ya kamu. Muna zaton nimoniya ce, wato ciwon sanyin huhu, amma sai mun tabbatar ba tarin fuka ba ne. Kafin nan za ka zauna kai kaɗai."

Abin da muka yi tsiminsa a tafiyar bai kai kuɗin allurai ba. Tunkiyata aka sayar.

Labari ya riga ni isa gida cewa tarin fuka ne. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba, kowa da iyalinsa. Amma ɗakin nan ya yi mini faɗi. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da takunkumi a fuska, ta yi allura, ta fita. Kwanona daban, kofina daban. Uwar Nasiru ta rasu da jimawa, da ita ce da ko an kore ta ba za ta tafi ba. Sai na kwanta ina jin masu dubiya suna wucewa zuwa wasu ɗakunan, ina sauraron ko wata murya tawa ce.

Ga shi matar Nasiru na da tsohon ciki. Jikana na fari. A gidanmu ni ke yi wa kowane jariri kiran salla a kunne, in tauna dabino in shafa masa a baki. Na yi wa 'ya'yan ƙannena duka. Tsorona ɗaya shi ne in mutu ban ɗauki nawa ba.

Ina kwance ta haihu, mace. Nasiru ya kira ni, ya ce, "Baba, na kara wayar a kunnenta, bismilla." Na fara kabbara, ban kai shahada ba numfashi ya ƙare, tari ya sarƙe ni. Na ce masa, "Ƙarasa, kai ne ubanta." Na ji shi yana ƙarasawa. Na juya fuskata bango.

Aka yi suna ba ni. Hafsatu.

Sakamako ya fito, ba tarin fuka ba ne. Allurai suka fara aiki, aka cire robar hanci, aka mayar da ni cikin mutane. Washegari sai ga Malam Sale da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Baturen Zandam, ya ƙanƙara?"

"Shigo, matsoraci. Likita ya ce ba na cizo."

Ya zauna a bakin gadon, ya kama hannuna.

Bayan an sallame ni sai da na shanye magunguna, na koma likita ya sake dubawa, ya ce, "Je ka ɗauki jikarka." Ranar Juma'a aka ɗora mini ita a cinya. Na ce, "Amarya, kin ƙi jiran angonki." Ta buɗe ido ɗaya, ta jiƙa mini sabuwar riga. Gidan ya ɗauki dariya, ni kuwa hawaye nake, na hana a karɓe ta.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Nasiru da ya kwana a baranda saboda ni.

'Yan'uwa, in za ku yi tafiya da sanyi, ku rage kuɗin shayi da tsaraba, kada ku rage na bargo da ɗakin kwana. Tari da zazzaɓi da sukan haƙarƙari, a tafi asibiti, kada a tsaya a kemis. In kuma an keɓe wani naku, ba sai kun shiga ɗakin ba. Ku tsaya ta taga ku kira sunansa, ya san an zo.